Hasken Hoto Ba Shi Ne Hukunci Ba



In an yi miki hoton PET saboda ƙari a ciki, aka ce wuri ya haska, don Allah kar ki fara kuka da sayar da gwal tukuna. Kafin hoton, allurar wani sukari mai sinadarin nukiliya ake yi. Ciwon daji na zuƙar sukari sosai, shi ya sa yake haskawa. Amma fa ba shi kaɗai ba. Tarin fuka da ya sauka ciki, ƙurji mai mugunya, wurin da aka yi tiyata kwanan nan, duk suna haskawa. Mahaifa ma lokacin al'ada tana yi, haka hanjin masu shan metformin.

Ki faɗa wa likita ranar al'adarki ta ƙarshe da magungunan da kike sha. Ki tambaye shi batun cirar ɗan nama a auna kafin a ɗora ki kan maganin daji.

Ni a ganina, 'yan takararmu in sun zo, mu nemi ɗakin auna nama a manyan asibitocinmu, ba atamfa da sabulu kawai ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan'uwa.