RA'AYINMU: KADA BURTALI YA KOMA KAYAN TARIHI

Duk makiyayin da Allah ya kai shi Njamena, muna ba shi shawara ya ɗan keɓe lokaci ya shiga Gidan Tarihi na Ƙasar Cadi. A ciki zai ga siffar ƙoƙon kan Tumai, wanda aka tono a hamadar Jurab a 2001, masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Zai ga tukwane da mutum-mutumin yumɓu na mutanen Sawo, waɗanda suka zauna bakin kogin Shari tun kafin a san da wannan birni.

Amma in ya fito, to, ya tsaya ya dubi garin, domin shi kansa ɗan hanya ne. A 1900 Faransawa suka kafa shi da sunan Fort-Lamy, bayan sun kashe Rabe a Kusiri. Shekara uku bayan haka aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'arsa da dama suka nausa gabas. Bayansu dubban Hausawa da Fulani sun ratsa ta nan da ƙafa, da jakuna da shanu, suna neman Makka. Wasu sun isa, wasu sun zauna a Sudan, wasu kaburburansu na kan hanya.

Waccan tafiya ta wuce. Amma akwai wadda ba ta wuce ba. Har gobe makiyayi na gangarawa kudu da rani, ya koma arewa da damina, a kan burtalin da Larabawan Cadi ke kira murhal. Wannan burtali ne ake nomewa, ana toshe mashaya, har a kai ga zub da jini tsakanin manomi da makiyayi. A 1959 aka yi dokar yawon kiwo, tun kafin samun 'yancin kai. Sabuwar da majalisa ta zartar a 2014 kuwa janye ta aka yi.

Saboda haka muna kira ga hukuma da sarakuna su shata burtali, su kafa alamu, su zaunar da manoma da makiyaya kafin kaka, ba bayan an yi ɓarna ba. Mu ma makiyaya sai mu kiyaye gonar mutane, mu ja kunnen yaranmu.

In aka yi sake, wata rana jikokinmu sai a taswirar bango za su ga burtali. Allah ya kiyaye, amin.