Sharhi: Goro, Zaƙami Da Maganin Ƙarfin Aiki A Fadamar Zauro

Tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a nan Jihar Kebbi, aikin rani ya ƙaru a fadamar Rima daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Ƙaruwar aiki ta jawo buƙatar 'yan ƙwadago, su kuma 'yan ƙwadago suna neman abin da zai hana su gajiya. Ana yawan magana a kan tiramol, amma ba a cika kula da jiƙe-jiƙen itatuwa ba, saboda jama'a sun ɗauka duk abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Wannan fahimta ce muke son mu duba.

Mu fara da goro, wanda kowa ya amince da shi. Tun a ƙarni na 19 ayarin fatake ke ɗauko shi daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, su biyo ta Yawuri ko Jega zuwa Sakkwato da Kano. Sinadarin da ke hana mai cin goro barci shi ne kafin, wanda ke cikin shayi da kofi. A asibiti ana bai wa jariran da aka haifa bakwaini wannan sinadari, a ma'auni ɗan kaɗan, domin kada numfashinsu ya riƙa tsayawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Amma wanda ya haɗa goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari na gwangwani cikin wuni guda, bugun zuciya da makyarkyata yake saya da kuɗinsa.

Turawa ma sun taɓa yin irin wannan kuskure. A 1818 wasu masana biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin sitiriknin, wanda ake samu a ƙwayar wata bishiyar Indiya 'yar uwar ƙoƙiyarmu. An daɗe ana sayar da shi a matsayin maganin ƙarfin jiki, har aka ba ɗan tseren Amurka Thomas Hicks a wasannin Olimfik na 1904. Daga baya aka tabbatar cewa tazarar da ke tsakanin abin da ke motsa jiki da abin da ke sandarar da shi ba ta da yawa, likitoci suka yi watsi da shi.

Abin da ya fi damunmu a nan shi ne zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, da ke tsirowa a kan juji da bayan gari. Sinadaransa, wato atirofin da danginsa, suna busar da baki, su buɗe ƙwayar ido, su hanzarta zuciya, su gusar da hankali, wani lokaci har da jijjiga. Bugu da ƙari suna tsayar da gumi. Matashin da aka zuba wa 'ya'yan zaƙami a shayi ya shiga gona a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, jikinsa ba shi da hanyar hucewa. Kuma ƙarfin dafin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, don haka mai haɗawa ba shi da ma'aunin da zai dogara da shi.

Abin mamaki, allurar atirofin ce likita ke yi wa manomin da maganin feshi irin su ota-fiya-fiya ya kama, domin alamominsu kishiyoyin juna ne: mai gubar feshi yana dalalar da miyau, yana gumi, ƙwayar idonsa ta tsuke. Muna faɗin wannan da taka-tsantsan. Kada wani ya ji haka ya ɗura wa maras lafiya zaƙami a gida. Likita na ƙara allurar kaɗan-kaɗan ne yana sauraron ƙirji da bugun zuciya.

A ganinmu giɓin yana wajen sa ido. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana rajistar maganin gargajiya da aka ɗura a kwalba ko fakiti, hukumar NDLEA kuma, tun 1989, tana farautar miyagun ƙwayoyi. Amma butar da ke tafasa a bakin gona ba ta da lamba, kuma jami'in da ke Birnin Kebbi ba zai san da ita ba sai an sami gawa. Mai unguwa da dagaci da sarkin noma su ne suka san mai dafawa da masu sha. Ya kamata hakimai da sassan lafiya na ƙananan hukumomi su zauna da shugabannin masu maganin gargajiya da masu shayi kafin a fara dashen rani, a kuma tabbatar akwai atirofin a manyan asibitocin da ke kusa da fadama.

Idan jijjiga ta kama mutum a gona, a kai shi inuwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko manja. A ɗauki ragowar abin da ya sha ko robar maganin feshin, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi.