Kunu zalla ba jinya ba ce

Duk shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko wa Garwa da hazo da ƙura, rajistar ajina takan cika da jan biro. Wannan tari, wancan majina da zazzaɓi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, yara biyu za su kwanta rana ɗaya, ɗaya ya dawo bayan kwana huɗu, ɗayan kuwa sai ya shafe mako biyu, ya dawo ido ya faɗa, riga ta yi masa yawa.

Bara na je duba ɗaya daga cikin irin waɗannan yaran. Na tarar da leda cike da magunguna a gefen tabarmarsa, har da ƙwayar zink. Na tambayi kakarsa me yake ci. Ta ce kunun dawa safe da yamma, sai shayi. Na ce, "Inna, ba a ba shi ƙwai ko ɗan kifi?" Ta dube ni ta ce, "Haba Malam! Mai tari da ƙarni? Ai ko gyaɗa da nono mun hana shi." Gidan nan ba rowa aka yi ba, an kashe kuɗi. Sai dai an sayi magani, an janye abinci.

Mura da yawancin tarin hunturu ƙwayar bairos ce ke kawo su, kuma antibayotik ba ya kashe ta. Jiki ne ke yaƙinsa da kansa. Sojojin da yake turawa da furotin ake gina su, wato abin da ke cikin nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa. Idan zazzaɓi ya zo kuma ba a ci ba, jiki naman kansa yake ci, shi ya sa majinyaci ke ramewa. Zink kuwa kaɗan ake bukata, miligiram 11 a rana ga namiji baligi, 8 ga mace, amma jiki ba shi da rumbun ajiye shi. Kullum sai an ci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙarancin zink ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Binciken da aka yi a faɗin Kamaru a 2009 ya gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mata da ƙananan yaran da aka gwada, zink ya yi ƙasa a jininsu. Daga 2011 gwamnati ta wajabta ƙara zink da sinadarin ƙarfe a garin alkama. Madalla, amma mu a Arewa sau nawa muke cin burodi idan aka kwatanta da tuwon dawa da masara? Hatsin nan namu yana da wani sinadari da ke riƙe zink ya hana hanji tsotse shi. A nan iyayenmu mata sun riga masana: jiƙa hatsi, tsirar da shi, ko barin gasara ta yi tsami kamar ta koko, duk suna rage ƙarfin wannan sinadari.

Wani zai ce, to a sayi ƙwayar mana, kamar yadda aka yi ta rububinta lokacin korona a 2020. Ƙwayar tana da wurinta. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai gudawa zink na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari. Bincike ya kuma nuna ba wa ƙananan yara zink a wuraren da ake ƙarancinsa yana rage kamuwa da ciwon huhu. Amma ga wanda jikinsa bai rasa ba, ƙari ba ya ƙara komai. Baligin da ya daɗe yana wuce miligiram 40 a rana zai iya jawo wa kansa tashin zuciya da ƙarancin sinadarin jan ƙarfe. Ma'aikacin lafiya ne zai ce a sha, ba mai talla a bakin tasha ba.

Wani kuma zai ce nama ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma mu da Binuwai ta ratsa garinmu, ga kifin Lagdo, ga wake da gyaɗa jibge a kasuwar Pitowa duk Lahadi, ga matan Fulani da ƙwaryar kindirmo a ka. A daka busasshen ƙaramin kifi a zuba a miyar kuka. A dama kunun da gyaɗa, a sa nonon da aka tafasa. A yi alala ko faten wake mai laushi. Ƙwai ɗaya dafaffe bai kai kuɗin sirof ɗin tarin da muke saye ba tare da tambaya ba. Marar lafiya ba ya son ci, don haka kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, kuma a ci gaba har mako biyu bayan ya miƙe. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kawai, a yawaita. Mai ciwon ƙoda shi ma ya bi abin da likitansa ya tsara masa.

Abinci ba ya maye gurbin asibiti. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, ko ya ƙi shan komai, a ɗauke shi a tafi, ko da tsakar dare ne.

Roƙona ga ma'aikatan lafiyarmu: kafin a miƙa takardar magani, a tambayi uwa me yaron ya ci jiya, a gaya mata da Hausa ko Fulatanci abin da za ta ƙara a tukunya. Malamanmu na masallaci da Islamiyya, ku sa baki, don maganarku ta fi tawa shiga kunnen kakanni. Mu magidanta kuma, idan an kawo kifi gida, kada tsokar ta tafi akushin maigida alhali mai tari na kwance da kofin kunu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ce.