FILIN HALITTU: Ƙadangarun Da Aka Raba Wa Gida

A wannan wata wani ɗalibi ne daga Damagaram ya aiko mana da tambaya. Ya ce a wani tsohon littafi ya ga an rubuta cewa akwai ƙadangaren da ake kira Eremias a Afirka ta Yamma, amma sabon littafin da malaminsu ya ba su ya ce babu shi a Afirka ko ɗaya. To wanne ne ya yi ƙarya?

Babu wanda ya yi ƙarya, ɗana. Ƙadangaren yana nan inda yake, suna ne aka sake masa.

Da farko dai, ba jan gwada muke magana ba, wanda ke gyaɗa kai a kan katanga, ba kuma kulɓa ba. Waɗannan wasu 'yan sirara ne masu dogon wutsiya, galibi da zane-zane ko ɗigo-ɗigo a baya, suna zaune a rairayi da fako. In ka matso, kafin ka ƙifta ido sun shige gindin ciyawa. Saboda wannan gudu ne Turawa suka yi musu laƙabi da masu tsere. Shi kuwa sunan Eremias, tun 1834 aka raɗa shi, daga kalmar Girkanci mai nufin hamada.

A 1921 wani masani mai suna Boulenger, wanda ya yi aiki a gidan adana kayan tarihi na Landan, ya fitar da kashi na biyu na babban littafinsa a kan wannan dangi. Abin da yake da shi a lokacin shi ne ido da gilashin ƙara girma da gawarwaki cikin kwalba. Sai ya dinga duba ɓawon jiki, musamman yadda ƙofar hanci ke zaune tsakanin ɓawo uku ko huɗu ba tare da ta taɓa na leɓe ba. Duk wanda ya ga haka a jikinsa, daga Kalahari har ƙasar Sin, ya zuba shi gida ɗaya. Tsohon littafinka a kan wannan tsari yake.

Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Zaman rairayi yakan sa halittun da ba su haɗa kaka na kusa ba su yi kama da juna, domin zafi ɗaya suke sha, gudu ɗaya suke yi. A 1974 wani masani a birnin Kiyef, Szczerbak, ya sake tankaɗe gidan. Tun daga wannan lokaci aka taƙaita sunan Eremias ga na Asiya da gabashin Turai, daga Romaniya zuwa Koriya, waɗanda yanzu ake ƙidaya iri kamar 40. Na Afirka kuwa aka rarraba su. Na Sahara, har da waɗanda ake samu a ƙasar Abzin, suka koma gidan Mesalina. Wani mai sheƙi da ake samu a dazuzzukan Najeriya da Gana da Kamaru, wanda aka fara bayyanawa a 1872 da sunan Eremias nitida, yau sunansa Heliobolus nitidus.

Da aka samu dabarar karanta ƙwayoyin gado, sai ta gaskata yawancin wannan rabo, ta kuma ƙara da abin da ido bai gani ba. Binciken da aka buga a 2007 ya nuna cewa Mesalina na Sahara ya fi kusa da Eremias na Asiya, alhali Heliobolus, maƙwabcinsa na kudu, yana wani reshe dabam tare da Latastia da ƙadangarun kudancin Afirka. Wato na Agadas ya fi dangantaka da na Mongoliya a kan na Arewacin Gana. Ni kaina sai da na sake karantawa.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ƙadangare ai ƙadangare ne? A nan ne nake ganin maganar take da nauyi. Doka ba ta kare abin da ba shi da suna. Akwai wani iri, Eremias multiocellata, wanda ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, dabarar da ake gani ta dace da ƙasashen sanyi inda ƙwai ba zai ƙyanƙyashe cikin ƙasa da sauƙi ba. An daɗe ana ɗaukarsa iri ɗaya mai faɗin ƙasa, sai aka gano tarin iri ne masu kama da juna. A 2017 ma aka ware Eremias dzungarica daga cikinsu, a yammacin Mongoliya da gabashin Kazakistan. Abin da ake zaton yana ko'ina, ashe kowane yanki da nasa, kuma in an nome wurin ɗaya, shi ke nan ya tafi. Haka Eremias pleskei na kwarin kogin Aras, wajen iyakar Armeniya da Turkiyya da Iran, yake bakin ƙarewa saboda gonaki sun cinye rairayinsa.

Sai kuma ka yi hattara da wani tarko. A Amurka ma akwai mai tsere, mai zane shida a baya, amma shi danginsa dabam ne sam, ana kiransu Teiidae. Shi ma an sauya masa gida a 2002, daga Cnemidophorus zuwa Aspidoscelis. A gidan nan akwai irin da duk mata ne, babu namiji, suna yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da barbara ba, kuma ƙwayoyin gado sun nuna asalinsu haɗuwar iri biyu ne mabambanta.

Saboda haka a jarrabawa ka bi sabon littafi, amma kada ka yar da tsohon, domin bayanin kamanni da wuraren zama da ke ciki yana nan daram. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.