A KOYA WA MATANMU AWO KAFIN ADO

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake koyar da saƙar rigunan sanyi a cibiyoyin koyar da mata sana'a da kuma cikin gidaje. Ni mai saƙa ce, da ita nake rufa wa kaina asiri, kuma ina da 'yan mata da matan aure da ke zuwa wurina koyo. Saboda haka ba jita-jita zan kawo ba.

Duk shekara da zarar hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, za ka ga 'yan talla da ƙananan 'yan tireda sun baza hulunan sanyi da safa da rigunan jarirai saƙar gida. Ga launi, ga fulawa, ga ado kamar a sace. Amma tsaya ka ga abin da mai saye zai yi. Zai ɗaga rigar, ya juya ta, ya yaba, sannan ya ajiye ya zarce wurin mai gwanjo ya sayi wadda wani yaro ya riga ya sa a wata ƙasa. Mu masu saƙa sai mu ce mutanenmu ba su da kishin kayan gida. Na daɗe ina faɗin haka ni ma. Gaskiyar magana ita ce ta gwanjo tana zama a jikin yaro, tamu kuwa ba ta zama. Ko wuya ya ƙi shiga kai, ko hammata ta tattare ta hana yaro sauke hannu, ko kuwa rigar ta yi faɗi kamar buhun gero iska tana shiga ta ƙasa. Uwa ba za ta sayi fulawa ta bar ɗanta cikin sanyi ba.

Abin ya faru da ni. Shekarar da na gama koyo a wata cibiya da ba sai na ambaci sunanta ba, na karɓi takardar shaida, an ɗauki hoto, an yi ta tafi. Wani mai tireda a unguwarmu ya ba ni aikin rigunan jarirai dozin ɗaya. Na ci bashin ulu, na kwana ina saƙa. Ba a yi mako biyu ba ya dawo mini da fiye da rabi, wai iyaye sun ce kai ba ya wucewa. Na warware su ɗaya bayan ɗaya ina kuka, kuma ulun da aka warware kowa ya san ba ya komawa kamar sabo. Ban ga laifin mai tireda ba. A wata shida da na yi ina koyo ba a taɓa sa ni na riƙe tef ɗin awo ba ko sau ɗaya.

Cibiyoyin mata sun yi rana, wannan ba a musu. Tun shirin Better Life na matan karkara da marigayiya Maryam Babangida ta kafa a 1987, da shirin tallafa wa iyali na Hajiya Maryam Abacha da ya biyo baya a 1994, saƙa da ɗinki da yin sabulu suka shiga ƙauyuka da yawa, mata da dama suka samu abin yi a cikin ɗakunansu. Abin da nake kuka da shi shi ne abin da ake koyarwa a yau. Malama za ta ce a ɗora ido kaza a kan allura, wato 'yan madaukan nan na zare da ake jerawa, a yi ta saƙa miƙe har a samu falle mai kusurwa huɗu. A yi biyu, gaba da baya. A yi wasu biyu ƙanana na hannu. A haɗa, a bar rami a sama, shi ne wuya. Sauran watannin duk a kan ado za su ƙare. Ita ma malamar haka aka koya mata, ba mugunta ba ce.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa wannan ya bi jikinmu. Tufafinmu na gado, irin su babbar riga da taguwa da zane, daga falle-falle miƙaƙƙu ake haɗa su, kuma yalwarsu ita ce kyansu, domin ƙasarmu ƙasar zafi ce, ana so iska ta ratsa. Rigar sanyi aikinta ya saɓa da wannan. Ita so ake ta kwanta a jiki ta tsare ɗumi. Jikin ɗan Adam kuwa ba kwali ba ne: kafaɗa tana gangarowa, hannu yana da kauri a sama ya sirance a ƙasa, wuya ya fi zurfi ta gaba a kan ta baya. Amma fa kada a ce awo baƙon abu ne a wurinmu. Je ka wurin mai hula, kafin ya miƙo maka kube ko zanna sai ya tambaye ka lambarka, 22 ce ko 23, wato inci nawa ne zagayen kanka. Tela ma ba ya sa almakashi sai ya auna. Me ya sa mai saƙa ce kaɗai za ta yi aiki da ka?

Bari in faɗi abin da ya kamata a fara da shi, domin mai karatu da ke biya wa matarsa ko 'yarsa kuɗin koyo ya san abin da zai tambaya.

Kafin a fara riga, a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji da ulun da allurar da za a yi aikin da su, ya ɗan fi tafin hannu. A wanke shi, a shanya a kwance, sannan a ɗora tef a ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10, wato kusan inci 4. A ce an samu 20. Ke nan kowace santimita ido 2 ce. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa biyar, a ce zagayen ƙirjinsa santimita 56, sai a ƙara 6 domin ya samu wurin numfashi da rigar ciki, ya zama 62. A ninka biyu, ido 124: gaba 62, baya 62. Shi ke nan lissafin. Wadda ta iya ba da canji a kasuwa ta iya wannan.

Ga inda gizo ke saƙar. Hannun kowa daban ne, kamar yadda tuwon kowa daban ne ko da garin ɗaya ne. Wata tana matse zare, sai ta samu ido 22 a santimita 10. In ta ɗora wannan 124 ɗin, rigarta za ta fito santimita 56, daidai ƙirjin yaron ba ragi, ta shaƙe shi. Wata hannunta sako-sako ne, ido 18, tata za ta kai kusan 69. Malama ɗaya, lamba ɗaya, ulu ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin rigunan biyu ta wuce santimita 12. Shi ya sa faɗa wa aji guda “ku ɗora ido kaza” ba koyarwa ba ce. Ɗalibaina ba sa son wannan gwaji, suna cewa ɓarnar ulu ne da ɓata lokaci. Nakan ce musu ƙyallen ba ya cin ko rubu'in dunƙule, riga kuwa in ta lalace ta cinye dunƙule huɗu ko biyar har da cinikin gobe.

Sai ragi da ƙari. Haɗa ido biyu su zama ɗaya shi ne ragi, fitar da sabon ido shi ne ƙari, kuma da waɗannan biyu ake yi wa riga siffar jiki. Ɗauki hannun rigar yaron nan. A fara daga wuyan hannu da ido 26, a ƙare a dantse da 42. Bambancin 16 ne, ke nan a ƙara ɗaya a dama ɗaya a hagu sau takwas, kamar bayan kowane layi takwas. Hannu zai buɗe a hankali yadda na mutum yake. A hammata a rufe 'yan idanu a kowane gefe sannan a riƙa ragewa, kada a tafi miƙe, domin tafiya miƙe ita ke tara ƙunci a ƙarƙashin hannu. A wuya, na gaba a fara shi ƙasa da na baya da kamar yatsa biyu zuwa uku. Rigar da gabanta da bayanta suke daidai, ita ce za ka ga tana hawa maƙogwaron yaro yana ta ja.

Maganar jarirai kuwa sai an yi hattara, don a nan ne kasuwarmu take, kayan barka da na suna. Jariri sabon haihuwa zagayen kansa wajen santimita 35 ne, kuma ya ɗan fi ƙirjinsa girma. Kafin ya shekara kan ya kai wajen 46. Wuyan da zai yi wa jikinsa kyau a ido ba zai taɓa wuce kansa ba. Maganin abin shi ne a bar kafaɗa ɗaya a buɗe a sa maɓalli biyu ko uku, ko a yi rigar mai buɗewa ta gaba. A ɗinka maɓallin da ƙarfi domin yaro komai baki yake kaiwa. Layin ƙarshe na wuya kuma a rufe shi da sassauci. Da wani ya gaya mini wannan a rana ɗaya, da ban warware rigunan nan ba.

Wannan ilimi ba sabo ba ne a duniya. Akwai wata mata mai suna Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka, ta rasu a 1999. Ta yi suna wajen koyar da saƙa ta littattafai da talabijin da kuma taron bita, littafinta Knitting Without Tears ya fito a 1971. Abin da ta koyar shi ne mai saƙa ta daina bin lambobin wani a makance, ta samo adadin idon zagayen ƙirji da kanta, sauran duk su fito daga cikinsa: wuyan hannu kamar kashi ɗaya cikin biyar, dantse kashi ɗaya cikin uku, wuya kashi biyu cikin biyar. In ka duba lambobin da na bayar a sama za ka ga daga nan suka fito. Sai dai lissafinta na wuya ya fi dacewa da manya, ga yara sai an ƙara ko an sa maɓalli, kamar yadda na faɗa. Abin da ya burge ni shi ne ba ya buƙatar a iya Turanci ko a sayi littafin zane. Tef, da fensir, da bayan kwalin sukari sun isa.

Wata za ta ce ita da inji take saƙa, ba ruwanta. Inji sauri kawai yake ƙarawa. In lissafi ya karkace, sai dai ya taimake ki ki ɓata riga goma a lokacin da mai allura za ta ɓata ɗaya. Wani kuma zai ce matan ƙauye ba su yi boko ba, ina za su iya santimita? Haba jama'a! Matar da ke riƙe adashin mutum ashirin a ka ba ta ɓata ko sisi? Ina da ɗaliba da ba ta karatu, da igiya take awo, ta ƙulla a ƙirji, ta ƙulla a tsawon hannu, ta ƙulla a kai, ta ɗora a kan ƙyallen gwaji ta ƙirga. Rigunanta sun fi na wasu masu sakandare zama.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa masu koyo: yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne na masana'anta. In aka ɗora masa dutsen guga mai zafi sai ya saki, ya miƙe, ba ya komawa har abada. In aka rataye shi jiƙe a igiya sai ya zazzago. Mai saƙa ta gaya wa mai tireda, shi kuma ya gaya wa mai saye: a wanke da ruwa mai sanyi, a shanya a kwance a kan tabarma. In ba haka ba rigar da aka auna daidai za ta lalace a wanki na farko, a ce mai saƙa ce ba ta iya ba.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu kula da cibiyoyin mata da ƙungiyoyin da ke ɗaukar nauyin horo, kafin a sake yaye wasu a raba injuna, a tara malaman su kansu a yi musu bita ko ta mako ɗaya ce a kan awo da ragi da ƙari. A gayyato tela na gari ya nuna yadda ake auna kafaɗa da hammata, ba zai ƙi ba. A ba kowace ɗaliba tef, kuɗinsa bai kai na dunƙulen ulu biyu ba. Ranar jarrabawa kuma kada a shimfiɗa riga a kan tebur ana yaba launi. A kawo yaron da aka auna, a sa masa a gaban kowa, ya ɗaga hannu ya sauke, a cire ba tare da ya yi kuka ba, sannan a ba da takarda.

Ku kuma 'yan uwana 'yan tireda, in za ku ba da aiki ku daina cewa “a yi mini na yara dozin biyu”. Ku ce huɗu na sabon haihuwa, huɗu na ɗan wata shida, sauran na ɗan shekara ɗaya da biyu, kuma a liƙa 'yar takarda a wuyan kowace da shekarun a rubuce, yadda na kanti suke zuwa. Maigida da ke biyan kuɗin koyo, in ta dawo bayan wata ɗaya ka ce ta nuna maka ƙyallenta na gwaji ta gaya maka ido nawa ne a ciki. In ta ce ba a yi musu ba, ka aika a tambayi malama dalili tun kafin a sayi ulun hunturu.



Daga wata mai koyar da saƙa,
Zariya, Jihar Kaduna.