Atamfa ta Wace Ƙasa Ce?

Hirarmu ta wannan mako a kan wani gwanin zane da sassaƙa ce, Bayarabe, sunansa Yinka Shonibare, wanda ya ɗauki atamfar nan da matanmu ke ɗaurawa ya mai da ita abin yi wa Turawan Ingila tambaya.

An haife shi a London cikin 1962. Yana ɗan shekara 3 iyayensa suka komo da shi Ikko, can ya girma, sa'an nan ya koma Ingila ya shiga makarantar koyon zane. Ran nan sai wani malaminsa ya tambaye shi abin da ya hana shi yin aiki irin na Afirka tsantsa. Sai ya nufi kasuwar Brixton inda ake sayar da atamfa, ya shiga bin diddiginta. Ashe asalin irin wannan rini daga Jawa yake, cikin ƙasar Indunisiya, inda akan ɗiga kaki a kan ƙyalle kafin a rina, duk inda kaki ya taɓa rini ba ya kamawa. Turawan Holan, da yake su ke mulkin ƙasar a lokacin, suka kwaikwayi aikin da inji. Mutanen Jawa ba su yi na'am da shi ba, sai aka juyo da hajar Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 19. Masaƙun Manchester su ma suka shiga yi. Dalilin da ya sa ke nan har yau ake cewa 'yar Holan. To, abin da aka ƙago a Jawa, aka buga a Turai, aka ɗaura a Kano, na wa ne?

Wannan tambaya ita ya kai tsakiyar London cikin 2010. A dandalin Trafalgar akwai wani dakali da akan ɗora ayyukan gwanaye a kansa bi da bi. Shi sai ya ɗora wata ƙatuwar kwalba, cikinta da siffar jirgin ruwan nan Victory, wanda sarkin yaƙinsu Nelson ya ci Faransa da Sifen a cikinsa a 1805. Amma filafilan jirgin duk da atamfa ya yi su. Watau yana nuna musu cewa nasarar da suke alfahari da ita, ita ce ta buɗe musu teku har suka mallaki ƙasashen mutane, kuma hanyar da ta kai su can ita ce ta kawo mutanen can garinsu. Cikin 2012 aka mai da kwalbar Greenwich, bakin gidan tarihin jiragen ruwa.

Cikin 2014 kuma ya jera littattafai fiye da 6,000 a kan kantoci, kowanne an yi masa bango da atamfa. A ƙeyar da yawa daga cikinsu an rubuta da ruwan zinariya sunayen baƙi da 'ya'yan baƙi waɗanda Ingila ta ci moriyarsu. Akwai Handel, mawaƙi daga Jamus. Akwai Zaha Hadid, gwanar tsara gini daga Bagadaza. Akwai Kazuo Ishiguro, marubuci haifaffen Japan, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 2017. Bai tsaya nan ba, har sunayen waɗanda suka yi suna wajen ƙin baƙi ya sa a ciki, domin mai kallo ya gan su kafaɗa da kafaɗa. Waɗansu littattafan kuwa ya bar su ba suna. Gidan zane na Tate ya sayi aikin cikin 2019.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai baƙon da ya yi suna kowa na sonsa, ina labarin wanda ya zo hannu rabbana? Gaskiya ne, shi ma bai mance da wannan ba. Akwai wani ɗan Ikko, David Oluwale, wanda ya ɓuya cikin jirgin kaya ya sauka Ingila cikin 1949. Ya yi shekaru a tsare a asibitin masu taɓin hankali, ya fito ba gida ba aiki, yana kwana a titunan Leeds. Cikin 1969 aka tsamo gawarsa daga kogin Aire. Cikin 1971 kotu ta ɗaure 'yan sanda biyu saboda dukan da suka riƙa yi masa. Sai 2023 aka kafa masa abin tunawa a Leeds, aikin Shonibare, wani fure dangin soɓorodo wanda tsawonsa ya kai ƙafa 30, an yi masa ado irin na atamfa.

Mun sani fure ba ya ta da matacce, kwalba kuwa ba ta ba kowa takardar zama. Amma gari in ya yarda ya kafa shaidar laifinsa a bainar jama'a, ya rufe wa 'ya'yansa ƙofar cewa ba su sani ba. Ingila ta daɗe tana cewa ita ƙasar kowa da kowa ce. Abin da mutumin nan ke tambaya shi ne, abincin baƙo da waƙarsa da tufarsa kaɗai ake so, ko har da shi kansa?

Kada mu ga kamar maganar Turawa ce kaɗai. Mu ma baƙi ne a zangon Kumasi da na Ankara. Cikin 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fita, Hausawa da yawa suka bar gidaje da rumfuna. Cikin 1983 kuma Nijeriya ta kori baƙi fiye da miliyan 1, da yawansu 'yan Gana. Wanda ya ɗanɗana kora ya kamata ya fi kowa sanin ɗacinta, amma ga shi ba mu nuna mun sani ba.

Malamai sun sanar da mu darajar da Ansar suka samu saboda karɓar Muhajirai. Muna roƙon malaman makaranta su kai wa almajiransu labarin atamfa, su bar su su yi gardama a kansa. Wanda ke da abin cewa kuma ya aiko wa Edita takarda, za mu buga. Allah ya ba mu ikon riƙe baƙo da amana, amin.