Darasin Gado da Yis Ɗin Burodi Yake Koya Mana

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Makiyayin da ke zaɓen bijimi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya yarda da wannan magana, haka nan littattafan bayoloji na makarantunmu, waɗanda galibi suke tsayawa a kan dokokin Mendel. A ra'ayina, darasin gado da muke koyarwa a sakandare rabi ne kawai. Abin da jiki ya gada daban, abin da ya buɗe ya yi aiki da shi daban. Fannin da ke nazarin wannan buɗewa da kullewa shi ake kira ifijenetik, kalmar da Conrad Waddington ya ƙirƙiro a 1942. Ya kamata ya shiga azuzuwanmu, kuma babban misalinsa yana cikin yis ɗin da masu gidan burodi suke kwaɓawa a Gumel.

Yis halitta ce mai tantani ɗaya tak. Kowane tantani, na yis ne ko na raƙumi ko na ɗan Adam, yana buƙatar ribosom, wato ƙananan injinan da ke ƙera furotin. Umarnin ƙera ginshiƙin ribosom yana rubuce a wani sashe na DNA, kuma saboda yawan buƙata an maimaita shi sau da yawa. A yis akwai kwafi kimanin 150 a jere a kan kuromosom na 12. A mutum kuwa ɗaruruwa ne, a kan kuromosom na 13 da 14 da 15 da 21 da 22. Abin mamaki, ko a tantanin da ke cikin girma, kusan rabin kwafin nan a kulle suke.

To, yaya ake kulle su ba tare da an canza rubutun ba? DNA a nannaɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Idan zaren ya tsuke, karatunsa ya yi wuya. A yis, furotin mai suna Sir2 yana cire wata alama daga histon, sai wurin ya tsuke, wanda hakan ke hana kwafin sarƙewa da juna har su tsinke. A 1997 David Sinclair da Leonard Guarente a Amurka suka nuna cewa guntayen da suka tsinke sukan zama zobba, su taru a cikin uwar yis, su tsufar da ita. A 2000 aka gano cewa Sir2 ba ya aiki sai da sinadarin NAD, wanda ke da alaƙa da yadda tantani yake sarrafa abinci.

Dabbobi masu shayarwa suna da ƙarin makulli. A 2001 ƙungiyar Ingrid Grummt a Jamus ta gano gungun furotin mai suna NoRC, wanda ke jawo a liƙa alamar metil a jikin DNA ɗin kansa, abin da yis ɗin burodi ba ya yi. Alamar tana bin tantani idan ya rabu biyu. A 2008 masana a Japan suka nuna cewa idan sukari ya yi ƙaranci, ɗan'uwan Sir2 a jikinmu, wato SIRT1, yana taimakawa wajen kulle ƙarin kwafi, domin ƙera ribosom na cin kuzari ainun.

Kada mai karatu ya zaci kwafin da aka kulle asara ne. Manomin Gagarawa ba ya fasa rumbunansa duka a rana ɗaya. A 2010 Takehiko Kobayashi da abokan aikinsa suka nuna cewa yis ɗin da aka rage wa kwafi, har ya zama duk na hannunsa aiki suke, ya fi saurin mutuwa idan DNA ɗinsa ya sami lahani.

Ina ruwan ɗalibin Sule Tankarkar da wannan? Ruwansa shi ne abinci. A 2016 masana a Landan suka ba ɓeraye masu ciki abinci mai ƙarancin furotin, sai aka sami ƙarin alamar metil a wasu kwafin ribosom na 'ya'yansu, tare da raguwar nauyi lokacin yaye. A ƙauyukan Gambiya kuma, binciken 2014 ya nuna bambancin alamar metil tsakanin yaran da aka ɗauki cikinsu da damina da na rani, ko da yake a wasu ƙwayoyin gado ne dabam. Ɓera ba mutum ba ne, don haka a yi hattara da yanke hukunci. Duk da haka, mu ma mun san watannin damina da rumbu ke yin ƙasa kafin gero ya nuna, kuma ɗalibar da ta fahimci wannan za ta ɗauki abincin mai ciki da muhimmanci.

Wasu malamai za su ce ba mu da ɗakunan gwaji. Gaskiya ne, amma ƙullin yis da sukari da ruwan ɗumi da kwalba da balan-balan sun isa su nuna wa aji yadda tantani ke zabura idan ya sami abinci, ya lafa idan ya rasa. Sauran bayanin alli da allo sun ɗauke shi. Saboda haka ina kira ga Kwalejin Ilimi ta Gumel da sauran masu horar da malamai da su sanya wannan batu cikin darasin gado, domin yaranmu su san cewa rubutun da aka gada ba ya karanta kansa. Allah ya ƙara mana fahimta.